Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Shugabannin Kasuwannin Kano: A Hana Ɗaure Fis Da Waya

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Iyayenmu shugabannin kasuwa, da shugabannin layi-layi, da dattawan da ake jin maganarsu a Kantin Kwari da Sabon Gari da Singa da Kurmi da sauran kasuwannin birni da kewaye, ranku ya daɗe. Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina fatan kuna lafiya, iyali suna lafiya, kasuwa kuma tana albarka.

Ni mai gyaran wuta ne. Na shiga sana'ar ina yaro a zamanin NEPA, na ga zamanin PHCN, ga mu yau a hannun kamfanonin rarraba wuta tun da aka miƙa musu harkar a 2013. Na yi wayarin a gidaje da masallatai da makarantun Islamiyya, amma mafi yawan abincina daga shagunanku nake samunsa. Saboda haka na san abin da ke bayan silin ɗinku da cikin akwatunan wutarku fiye da yadda ku masu shagunan kuka sani, kuma abin da na sani yana hana ni barci duk lokacin da sanyin hunturu ya fara busawa. Na rubuto ne a kan wani ɗan abu da tsawonsa bai kai ɗan yatsa ba, kuɗinsa bai kai na kwanon abincin rana ba, wato fis. Roƙona a gare ku shi ne ku kafa doka a kasuwanninku cewa duk wanda aka samu ya ɗaure fis da waya, ko ya cire shi ya haɗa wuta kai tsaye, ya yi wa kasuwa laifi, a hukunta shi kamar yadda za a hukunta wanda ya ajiye jarkar fetur a shago ya kulle ya tafi gida.

Ba sai na tuna muku 2016 ba. A watan Fabrairu Singa ta ƙone, a watan Maris kuma kasuwar Muhammadu Abubakar Rimi ta Sabon Gari ta kwana tana ci, dubban shaguna suka zama toka. Na ga dattawan da suka tara dukiya shekara talatin sun tsaya a kan gawayi ba su iya cewa komai sai salati. Bayan nan babbar kasuwar Sakkwato ta ƙone a Janairun 2021, ta Katsina a Maris na shekarar, Monday Market ta Maiduguri a Fabrairun 2023. Ba na ɗora alhakin kowace gobara a kan lantarki. Akwai gas, akwai garwashin mai shayi, akwai guntun sigari, akwai sharar da ake ƙonawa a bayan layi. Amma a cikin ƙofofin da gobara take shigowa, ƙofar lantarki ita ce wadda aka riga aka yi mata sakata tun daga masana'anta, mu kuma muke zare sakatar da hannunmu.

Bari in faɗi abin da fis yake, don na lura ko a cikin masu sayar da shi akwai waɗanda ba su taɓa tsayawa sun yi tunanin aikinsa ba. Duk wayar da wuta take bi ta cikinta tana ɗaukar zafi. Idan wutar da ke gudana daidai take da kaurin wayar, zafin ɗan kaɗan ne, iska ta ɗauke shi. Idan ta fi ƙarfin wayar, zafin ya taru. Jan ƙarfen da ke ciki ba ya narkewa sai zafi ya haura digiri 1,000, amma robar da aka lulluɓe shi da ita an yi ta ne don ta jure digiri 70 kawai a aikin yau da kullum. Ashe tun jan ƙarfen bai san an yi komai ba, robar ta yi laushi, ta zagwanye, ta fara hayaƙi, ta kama katakon silin ko dilar atamfar da aka jingina a bango. Masu ilimin abin sai suka ce, tunda dole wani wuri ya ƙone idan wuta ta yi yawa, bari mu zaɓi wurin da kanmu. Suka sa wani siririn zare na ƙarfe, wanda aka auna shi ya narke kafin wayar bango ta yi zafi, suka rufe shi cikin ƙoƙon tangaran inda ba abin da zai kama. Wannan shi ne fis. An yi shi da rauni da gangan. Ranar da ya ƙone, ranar ce ya yi aikin da aka saye shi dominsa.

Abu biyu yake tarewa, kuma kowanne da halinsa. Na farko shi ne obalodi, kamar dai yadda kuka san shi a mota. Wutar gidajenmu da shagunanmu bolt 230 ce. Abin da kowane kaya yake ja ana auna shi da amfiya, wanda mu a bakin aiki muke ce wa am, kuma lissafin ba wuya: a raba wat ɗin da aka rubuta a jikin kayan da 230. Ku ɗauki shagon tela a makon sallah. Dutsen guga biyu, kowanne wat 1,200, sai yaro ya jona butar lantarki mai wat 2,000 don a haɗa shayi. Jimla wat 4,400 ke nan, kimanin am 19. Duk ukun an cusa su a soket ɗin nan mai baki huɗu da ake ja da doguwar waya, wanda siririyar wayarsa sau da yawa am 6 ne iyakarta. An ɗora mata ninki uku na ƙarfinta. Abin da mutane ba su sani ba shi ne zafi ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da lodi, gaba yake yi: in lodi ya ninka biyu, zafi ya ninka huɗu, in ya ninka uku, zafi ya ninka tara. Babu ƙara, babu tartsatsi, komai yana aiki, tela yana gugarsa. Wayar dai tana dahuwa a hankali a ƙarƙashin tarin ƙyalle. Fis na gaskiya da aka daidaita da wayar yakan ɗan yi haƙuri na mintoci, don ba a yi shi ya yanke a kan ɗan ƙarin da firji ke ja lokacin tashi ba, amma in abin ya ɗore sai ya narke, wuta ta ɗauke, tela ya yi tsaki. Tsakin nan shi ne duk asarar da aka yi.

Na biyu shi ne haɗuwar waya, abin da yara ke ce wa shot. Ɓera ya ci roba a cikin silin, ko kaifin kwanon rufi ya yanke ta, ko ruwan damina ya shiga akwati, ko salatif ɗin da aka naɗe joni da shi ya saki don zafi, sai waya mai wuta ta taɓa abokiyarta ba tare da wani kaya a tsakani ba. A nan ba maganar ninki uku ake ba. Wuta takan kwararo da ɗaruruwan am, in shagon yana kusa da taransfoma ma ta kai dubbai, cikin abin da bai kai ƙiftawar ido ba. Ba ɗan adam ɗin da zai iya kai hannu ga makunni a wannan lokaci, ko da yana tsaye a gabansa. Fis ne kaɗai ko bireka, wato makunnin nan mai faɗuwa da kansa in wuta ta yi yawa, suke da wannan saurin. Shi ya sa ake cika cikin fis da yashi mai tsabta: idan zaren ya narke, wuta takan yi ƙoƙarin tsallake giɓin da harshe mai haske irin na walda, sai yashin ya sha zafin ya kashe harshen a cikin ƙoƙon. Ɗan ƙaramin fis ɗin nan da ke cikin fulogi mai ƙafa uku, irin na Ingila da muke amfani da shi, wanda suka fito da shi tun 1947, an gina shi ya iya yanke am 6,000 ba tare da ya fashe ba.

To, yanzu ku duba abin da muke yi. Fis ya ƙone, ana tsakiyar ciniki, sai a kira yaro. Yaro ya fere guntuwar waya, ya ciro zaren jan ƙarfe biyar ko shida, ya murɗa, ya naɗe a jikin mataccen fis ɗin, ya mayar. Wuta ta kawo, kowa ya ce aikinka ya yi kyau. In ta sake ƙonewa gobe, sai a ƙara kauri. Na ciro ƙusa daga mazaunin fis. Na ciro takardar sigari mai ƙyalli, na ciro guntun waya mai kaurin da ake ja wa murhun girki na lantarki da ita. Wani kuma ba ya ma wahalar da kansa: ya yanke fulogin ya jefar, ya tura tsirarun wayoyi biyu cikin soket, ya tokare su da tsinken ashana. Duk wanda ya yi haka bai kawar da wurin da zai ƙone ba, ya dai canza masa mazauni. Da a cikin ƙoƙon tangaran yake, inda ake gani, ake canzawa da kuɗi kaɗan. Yanzu ya koma wurin da ya fi rauni a cikin wayarin shagon, kuma wannan wurin kusan kullum yana cikin silin ne, ko bayan kanta, inda ido ba ya kaiwa.

Ina faɗin wannan da nauyin zuciya, domin ni ma na yi. Haka aka koya mini, haka na ga manya suna yi, kuma shekarun farko na sana'ata na ɗaure fis ɗin da ban san adadinsu ba, ina ganin gwaninta ce. Abin da ya raba ni da ɗabi'ar wani shago ne na kayan masarufi da aka kira ni wata asuba bayan an kashe wutar da ta tashi a cikinsa. Allah ya taƙaita, shago biyu ta ci, maigadi ya farga da wuri aka taru da bokitai. Da gari ya waye na bi wayar tun daga bakin ƙofa. Robar ta narke tun daga inda firiza take har cikin rufi, jan ƙarfen ya yi baƙi ya yi gautsi. Na buɗe mazaunin fis, sai ga ɗaurin waya mai kauri yana nan lafiya lau, ko canza launi bai yi ba. Shago ya ƙone, abin da aka sa don ya ƙone a madadin shagon yana ƙyalli. Ba ni na yi wannan ɗaurin ba, amma irin murɗin da nake yi ne sak, hannu ɗaya ya koya mana. Mai shagon da ke kusa, wanda bai san hawa ba bai san sauka ba, shi ya fi yin asara, don kayansa katifu ne. Ana cewa kowa ya ɗebo da zafi bakinsa, amma a kasuwa ba haka take ba. Bango ɗaya ne, rufi ɗaya ne, katakon silin ɗaya ne ya ratsa layi tun daga wannan baki har wancan. Wannan ne dalilin da ya sa na rubuto muku ku, ban rubuta wa ɗaiɗaikun masu shago ba. Abin da ke cikin akwatin wutar mutum ɗaya dukiyar layi gaba ɗaya ce take rataye a kansa.

Na san abin da ɗan kasuwa zai ce, don an sha faɗa mini a fuska. Zai ce fis ɗin nan kullum sai ya ƙone, ni kuma ba zan zauna a duhu ina kallon mai saye yana wucewa ba. Gaskiyarsa, ciniki ba ya jira. Amma fis ɗin da ke ƙonewa kullum magana yake yi. Ko lodi ya fi ƙarfin layin, ko akwai wayar da ta goge a wani wuri, ko injin firji ya fara lalacewa, ko wutar ta zo da rauni har inji ya kasa tashi ya tsaya yana gurnani yana jan am fiye da ƙima. Kowanne daga cikinsu yana da magani: a raba lodin a layi biyu, a ja wa firiza da na'urar sanyaya ɗaki wayarsu daban, a nemo inda ta goge a canza. Ɗaure fis kamar toshe bakin mara lafiya ne don nishinsa ya dame ka. Haka kuma wanda ya cire mai am 13 ya sa mai am 30 a kan wayar da ba ta canza ba, shi ma ɗaurin ya yi, sai dai nasa da tsabta. Fis wayar yake karewa, saboda haka kaurin waya shi ke yanke girman fis. Layin fitilu da ake ja da waya mai lambar kauri 1.5 yakan ɗauki am 6 ko 10. Layin soket mai 2.5 in an ja shi miƙe, am 16 ko 20. A cikin fulogi kuma, fitila ko rediyo am 3 ya ishe su, mai jan rubutu ke nan, dutsen guga da hita su ne na am 13, mai rubutu ruwan ƙasa.

Wani kuma zai ce gobara ƙaddara ce. Na yarda, babu abin da ke samun bawa sai da sanin Allah. Amma a cikin Bukhari da Muslim, Abu Musa Al-Ash'ari ya ruwaito cewa wani gida ya ƙone da mutanensa da dare a Madina, da aka ba Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, labari, sai ya ce wannan wuta maƙiyiyarku ce, idan za ku yi barci ku kashe ta. Bai ce a bar ta a dogara ba. Wutar zamaninmu a cikin bango take kwana, kuma mun san halin wutar ƙasar nan: a ɗauke ta da la'asar ana tsakiyar guga, a manta dutsen a jone, a kulle shago, a dawo da ita ƙarfe biyun dare babu kowa sai maigadi.

Akwai masu cewa ai su sun wuce zamanin fis, bireka suka sa. Madalla, bireka ta fi sauƙi, don in ta faɗi ɗaga ta kawai za a yi, ba a bukatar sayen komai, saboda haka ba ta jawo sha'awar ɗauri. A cikinta akwai abu biyu, ɗaya na kowace matsala: wani falle na ƙarafa biyu da aka manne, wanda yake lanƙwasa in obalodi ya ɗumama shi har ya saki makunnin, da kuma naɗin waya mai zama maganaɗisu, wanda yake fizge makunnin nan take in waya ta haɗu. Sai dai na sha buɗe akwati in tarar an sa wa shago gaba ɗaya bireka guda mai am 63 ko 100, alhali wayar da ke bayanta ko am 25 ba za ta jure ba. Irin wannan ba za ta taɓa faɗuwa don obalodi ba, makunni ce kawai mai tsada. Na ga wadda aka tokare da tsinke aka naɗe da salatif don kada ta faɗi. Mafi muni, na fasa wata da hannuna na tarar babu fallen, babu naɗin, ƙarfe biyu ne kawai da ɗan sifirin, ga rubutu da tambari a jiki kamar na gaske. In ka ɗauka a hannu za ka ji ta sakayau.

A nan maganar ta dawo gidanku, iyayena, domin waɗannan kayan a kasuwanninku ake sayar da su. Fis na jabu babu yashi a cikinsa, zaren da ke ciki kuma ba a auna shi ba, wani lokaci ya ƙi narkewa, wani lokaci ya fashe ya watsa wuta a cikin fulogi. Gwajinsa ba wuya: a sayi kwali, a fasa guda ɗaya da filaya, in yashi bai zubo ba a mayar wa mai shi kayansa. Waya ma haka. Ana rubuta 2.5 a jiki alhali abin da ke ciki bai kai ba, ko a kawo alminiyon da aka shafe da ruwan jan ƙarfe, in ka kankare da wuƙa sai fari ya bayyana. Alminiyo bai kai jan ƙarfe ɗaukar wuta ba, saboda haka ko an sa fis daidai da rubutun da ke jikin wayar, an yi lissafi ne a kan ƙarya. Hukumar SON mai kula da ingancin kaya, wadda aka kafa tun 1971, ita ke da hurumin kama irin waɗannan kaya, hukumar NEMSA da dokar 2015 ta kafa kuma ita ke da alhakin duba wayarin da ba masu aikin wuta takardar shaida. Amma jami'in hukuma baƙo ne a kasuwa, ya zo ya tafi. Ku kun san wa ke sauke wane kaya, daga ina, a wane sito. Maganar shugaban layi guda ga ɗan layinsa ta fi samame goma tasiri.

Kada in yi muku alkawarin da fis ba zai cika ba. Akwai abubuwan da ba ya gani. Jonin da bai ɗauru sosai ba, ko soket ɗin da bakinsa ya saki, yana iya yin zafi har ya kama alhali am ɗin da ke wucewa bai haura ƙima ba. Maganin wannan ido ne da hanci da sukundireba: soket ɗin da ya yi baƙi, ko yake warin ƙonanniyar roba, a canza shi a ranar. Idan wayar nutural, wato wadda wuta ke komawa ta cikinta, ta tsinke a layin waje, wuta na iya hauhawa har ta doshi bolt 400 ta ƙona kaya, wannan ma na'urarsa daban ce. Fis kuma ba ya hana wuta ta ja mutum. Abin da ke kashe mutum bai kai kashi ɗaya cikin goma na am guda ba, fis mai am 13 ko motsi ba zai yi ba. Mai kare rai ita ce birekar nan mai ɗan maɓallin gwaji a fuska, wadda take faɗuwa da zarar wuta ta zurare da miliam 30, wato kashi 30 cikin 1,000 na am guda, tare da wayar ƙasa da aka binne da kyau. Duk shagon da ke da firiza, ko ake taɓa ruwa a cikinsa, ya kamata a ce yana da ita, a riƙa danna maɓallin lokaci-lokaci a tabbatar tana faɗuwa.

Sabon abin da ya fi tayar mini da hankali yanzu shi ne sola. Tun da man fetur ya yi tsada a 2023, rufin kasuwanni ya cika da faifan sola, ƙarƙashin kanta kuma ya cika da batura. Mutane suna ganin bolt 12 ko 24 ba abin tsoro ba ne tunda ba ya jan mutum. To, inbata mai wat 1,000 a kan batir mai bolt 12 tana jan fiye da am 80, ninki shida na abin da fulogin dutsen guga ke ɗauka. In wayoyin batir suka haɗu, ɗaruruwan am ne za su fito, sifana ma takan yi ja, kuma ba makunnin da za a kashe, don batir ba a ɗauke masa wuta. Yawancin haɗin da nake gani babu fis ko ɗaya tsakanin batir da inbata. Dole a sa, a kusa da kan batir ɗin, kuma a sa irin wanda aka yi don wutar batir. Wutar layi tana juyawa, tana sauka zuwa sifili sau 100 a kowace daƙiƙa, wannan yana taimaka wa harshen wuta ya mutu. Ta batir miƙe take, in harshen ya kama ba ya son saki, shi ya sa birekar gida ba ta maye gurbin wadda aka yi don wutar batir. Masu janareton haya da ke raba wa shaguna hamsin wuta da siraran wayoyi a saman layi, su ma a tilasta musu su sa wa kowane reshe fis ɗinsa tun daga gindin inji.

Haka abin yake a bakin taransfoma. In fis ɗin akwatin rabo ya ƙone, sai a yi karo-karo a kira wani ya ɗaure da waya mai kauri, don kada a jira ma'aikata. Daga nan duk laifin da ya faru a layi sai ya wuce kai tsaye zuwa cikin taransfoma, ta ƙone, a yi wata da watanni a duhu ana tara kuɗin da ya ninka na fis sau dubu. Ga kuma haɗarin ran wanda ya sa hannu.

Abin da nake roƙo bai fi ƙarfinku ba. Kuna karɓar kuɗin gadi da na shara, kuna sasanta rigimar bashi, kuna rufe shagon wanda ya saɓa doka. Kafin hunturu ya shigo, kowane layi ya ɗauki masu aikin wuta biyu ko uku masu takardar shaida, a biya su daga asusun layi don kada su ji nauyin mai shago, su bi shago-shago su buɗe akwati. Inda aka ga ɗauri a cire a sa na gaske a gaban mai shi. Inda bireka ta fi ƙarfin waya a rage ta. A rubuta ranar dubawa a manna a murfin akwatin, a dawo baɗi. Wanda aka sake samu da ɗauri bayan gargaɗi, a ci shi tara, a cire masa wuta har sai ya gyara. A ajiye kwalin fis na gaske a ofishin layi, girma-girma, domin rabin ɗaurin da ake yi rashin samun na canji a kusa ne ya jawo shi. Kowane layi kuma a yi masa babban makunni guda a waje, a inda hannun maigadi zai kai, a kashe bayan an tashi kasuwa. Masu firiza da ba za su iya kwana babu wuta ba a ja musu layinsu daban mai kariyarsa. Ranar da za a fara, ku gayyaci 'yan kwana-kwana su zagaya tare da ku, su nuna muku lungunan da motarsu ba ta iya shiga, irin na Kurmi da aka shata tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, don a san wuraren da za a fi tsanantawa.

Ina kuma roƙon ku tsaya wa yaranmu. Sau da yawa yaro ya san ɗauri ba daidai ba ne, amma yana gaban Alhaji, sa'an mahaifinsa, ana ce masa kai dai kawo mana wuta, in ba za ka iya ba mu kira wani. Yaron da ke neman na abinci ba zai iya musu ba. In akwai doka daga sama, zai ce Alhaji, shugaban layi ya hana, ni da kai za a kama. Kun ba shi abin da zai jingina da shi ke nan, mu ma manyan sana'a mun samu ƙarfin korar duk wanda ya ƙi ji daga cikinmu.

Ni a shirye nake in ba da kwana uku na aikina kyauta a duk layin da ya fara, kuma na san abokan sana'a da za su biyo ni. A fara da layukan atamfa da katifa da roba da turare, inda wuta ta fi saurin ci, kuma a fara tun iska ba ta juya ba.

Allah ya tsare dukiyarku da ta mabiyanku, ya ƙara muku lafiya da haƙurin shugabanci.

Wassalam.

Ɗanku,
Mai gyaran wuta a Kano